A Rumfar Kanikawa Ake Cin Tsere

Daga cikin wasannin da mutanen Amurka suka ƙago, suka kuma zuba musu dukiya da basira, akwai wani tseren mota wanda ba a zagaya fili a cikinsa, ba a shan kwana, ba a kuma jiran maraice kafin a san gwani. Motoci biyu ne za su jeru a bakin wata miƙaƙƙiyar hanya, a kunna musu fitila, su fizga, kafin mai kallo ya sauke numfashi an riga an yanke hukunci. A ajin da ya fi kowane ƙarfi, wanda suke kira Top Fuel, tsawon hanyar ƙafa 1,000 ne, wato kimanin mita 305, motar kuwa takan cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 4, ta isa ƙarshe da gudun da ya zarce kilomita 530 a sa'a. Jama'a kan yi wa direba tafi, jaridu su buga hotonsa, alhali kuwa, in aka yi wa al'amarin duban adalci, mafi girman rabon nasarar na waɗansu mutane ne da ke jira a rumfa, hannuwansu duk baƙin mai, waɗanda za su wargaza injin da zarar ya dawo, su sake ɗaura shi kafin a kira zagaye na gaba. Ra'ayina shi ne, aikin mutanen nan ya fi tseren kansa cancantar nazari, domin a cikinsa akwai tarbiyyar sana'a wadda duk mai riƙe da sifana yake bukata, ko da bai taɓa taka filin tsere ba.

Kafin a fahimci dalilin wannan wargazawa, wajibi ne a san irin injin da ake magana a kansa. Asalin fasalinsa daga injin Hemi ne mai silinda 8, wanda kamfanin Chrysler ya fitar a 1964, ko da yake a yau waɗansu ƙwararrun maƙera ne dabam ke sassaƙa shi daga curin alminiyam. Dokar wasan ta ƙayyade cikinsa ga lita 8 da ɗan ɗoriya, ba shi da lagireto, ba shi ma da hanyar ruwa a jikinsa, domin man da ke kwarara cikinsa da gajartar lokacin aikinsa su ne kaɗai garkuwarsa daga zafi. A bisa kansa an ɗora wata na'ura mai tura iska da ƙarfi, wadda aikinta ya yi daidai da na zugazugin maƙeri. Man da yake sha kuwa ba fetur ba ne, wani sinadari ne da ake kira naitiro, wanda doka ta yarda ya kai kashi 90 cikin 100, a cika saura da metanol. Sirrin wannan mai shi ne yana ɗauke da rabonsa na iskar da wuta ke bukata a cikin jikinsa, ta yadda, in fetur yana neman iska ninkin nauyinsa kusan sau 15 kafin ya ƙone sarai, shi ƙasa da ninki 2 ya ishe shi. Saboda haka silinda guda tana iya ƙone ninkin abin da za ta ƙone na fetur wajen sau 8 a bugu ɗaya. Da filogi 2 a kowace silinda ake kunna wannan ambaliya, ƙarfin da ke fitowa kuwa an ƙiyasta shi da na dawaki 11,000, alhali motar gida ba kasafai takan wuce 200 ba.

To, a nan ne abin mamaki yake. Injin da ke juyawa kamar sau 8,000 a minti, in aka ba shi ƙasa da daƙiƙa 4, bai yi juyin da ya wuce wajen 500 ba daga fitila zuwa ƙarshen hanya. Amma cikin wannan ɗan taƙaitaccen aiki, tare da ɗumama shi da ɗumama tayoyi, ya sha mai fiye da lita 50, bakunan filogi sun cinye, metal ɗin da ke tsakanin kwanrod da karanshaf ya matse, faya-fayan kuloci sun yi zafi har wasu sun manne da juna, baƙin mai kuma ya gauraye da naitiro ya tashi daga aiki. Idan kuwa wutar silinda guda ta mutu a tsakiyar tafiya, mai zai taru a cikinta yana ruwa, kuma da yake ruwa ba ya matsuwa, abin da zai biyo baya yana iya zama fashewar da za ta ɗaga kan injin sama. Wannan shi ya sa ma'abota wannan sana'a ba su yarda su ce inji ya dawo lafiya don kawai sun ji ƙararsa daidai. A wurinsu, duk injin da ya yi tafiya guda abin tuhuma ne har sai an buɗe shi an tabbatar da kuɓutarsa.

A ranar ƙarshe ta gasa motoci 16 ne ke shiga, ana fid da rabi a kowane zagaye, don haka wanda zai ɗauki kofi sai ya yi tafiya 4 a yini ɗaya, tsakanin kowace tafiya da mai bi mata kuwa, bisa al'ada, minti 75 ake bayarwa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Da an jawo motar cikin rumfa, mutane kamar 8 za su rufe ta, kowa da gurbinsa, babu mai tambayar wani abin da zai yi. Wannan ya sauke na'urar iska, waɗancan biyu kowa ya kama kan silinda na ɓangarensa, wani ya kwanta a ƙarƙashi ya cire kaskon mai ya kwance kwanrod ɗaya bayan ɗaya yana turo fistin sama, wani kuma ya sa safar hannu mai kauri ya zaro kulocin da ke huci. Fistin 8 da ringinsu da kwanrod ɗinsu an riga an shirya su a jere tun kafin motar ta fita, sai a zura su, a sa sabon metal, a mayar da kan silinda, a ɗaure kowane noti da sifana mai ma'auni gwargwadon adadin da aka rubuta, a daidaita bawul, a sa filogi 16 sababbi, a zuba sabon baƙin mai, sa'an nan a tashi injin nan cikin rumfa a saurare shi. Ƙwararrun ƙungiyoyi kan gama wannan duka cikin minti 40 ko kusa da haka, kuma a bainar jama'a suke yi, domin hukumar wasan ta ba duk mai tikiti izinin shiga ya tsaya ya gani da idonsa.

Sai dai saurin ba shi ne ya fi burge ni ba, domin sauri ɗan maimaici ne, duk wanda ya daɗe yana abu zai same shi. Abin da na fi girmamawa shi ne yadda suke ɗaukar ƙarfen da suka cire a matsayin shaida mai ba da labari. Metal ɗin da aka zaro ba a jefar da shi sai an auna kaurinsa da ma'aunin da ke rarrabe kashi ɗaya cikin 1,000 na inci, domin gwargwadon matsewarsa shi ke nuna wace silinda ce ta sha wuya fiye da 'yan'uwanta. Ana duban kan fistin ko ya lotsa, ana auna tsawon kwanrod ko ya gajarce, ana karanta launin filogi, karanshaf kuma lokaci-lokaci a bi shi da garin ƙarfe da maganaɗisu don a tono tsagar da ido ba ya gani. Kowane muhimmin ƙarfe yana da lissafin tafiye-tafiyen da ya yi, in ya cika adadinsa sai a ajiye shi ko da yana ƙyalli, ba a jira ya karye ya ba da hujjar kansa. Daga nan shugaban kanikawa zai haɗa waɗannan shaidu da abin da wata na'urar tattara bayanai da ke cikin motar ta rubuta, da zafin rana, da danshin iska, da halin kwaltar, ya yanke shawarar ƙara kaurin gasket ko rage shi, gaggauta wuta ko jinkirta ta. Malamanmu sun daɗe suna rarrabe zato da yaƙini, suna kuma hana a gina hukunci mai nauyi bisa zato matuƙar akwai hanyar tahƙiƙi. Ga mutane nan, waɗanda galibinsu ba su san wannan ƙa'ida daga littattafanmu ba, suna aiki da ita a kan ƙarfe, saboda sun san ran ɗan'uwansu amana ne a hannunsu.

Na san mai hankali zai ce, ashe wannan duka ba almubazzaranci ba ne, a ƙone dukiya mai yawa don daƙiƙa 4, a kuma jefa rai cikin haɗari? Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa zan ce kowace ƙasa ya kamata ta kwaikwayi wannan kashe kuɗi ba. Haɗarin ma gaskiya ne. A 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyar motar wani direba, Don Garlits, ta fashe, ta raba motar biyu, ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. A 2008 kuma, a Englishtown ta jihar New Jersey, wani direban, Scott Kalitta, ya rasu bayan injinsa ya fashe kusa da ƙarshen hanya. Amma a duba abin da aka yi da waɗannan musibu. Garlits, tun yana kwance a asibiti, ya shiga tsara motar da injinta ke bayan direba maimakon gabansa, ya ci babbar gasa da ita a Pomona a 1971, ba a daɗe ba kowa ya bi sahunsa. Bayan rasuwar Kalitta kuwa aka rage tsawon hanyar manyan azuzuwan daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000, duk da cewa tsohon ma'aunin ya zama kamar gadon wasan. Ita kanta hukumar wasan, wato NHRA, da Wally Parks ya kafa a 1951, babban maƙasudinta shi ne ta janye samari daga tsere a titunan gari, ta kai su fili mai shinge, inda ake binciken mota kafin a bar ta ta tashi. Mutanen da ke sauya al'adarsu saboda rai guda ya salwanta, lalle akwai abin koyo a wurinsu.

Mu ma muna da samarin da ke wasan mota a tituna ranar biki, muna kuma da kanikawa masu hazaƙa, daga Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Panteka ta Kaduna, waɗanda ke tayar da injin da ƙasar da ta ƙera shi ta daɗe da yanke masa ƙauna. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba; abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'auni da rubutu. Sau da yawa ba a sauke inji sai ya buga, in an sauke kuma a ɗaure noti da ƙiyasin dantse, a mayar da tsohon metal domin ido ya ce da sauransa, ba a kuwa rubuta ranar da aka yi aikin balle nisan da motar ta yi bayansa. Alhakin wannan ba na bakanike kaɗai ba ne, domin mai motar da ke tsaye a kansa yana cewa a lallaɓa, yana zaɓen kaya mafi araha, yana ƙin biyan ladan awo, shi ma abokin tarayya ne cikin abin da zai faru. Motar tsere mutum guda take ɗauka, sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, motar asibiti na jiransa a gefe. Bas ɗin haya kuwa tana ɗauke da mata da yara da tsofaffi, a hanyar da taimako ke da nisa. In akwai injin da ya cancanci ihtiyaɗi, to, na biyun ya fi cancanta.

Saboda haka nake kira ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a da su mai da sifana mai ma'auni da ma'aunin kauri su zama sharaɗin yaye almajiri, yadda ba za a ce yaro ya ƙware ba sai ya iya faɗin tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf da adadi, ba da kai-kawon yatsa ba. Ina kira ga masu motocin haya da su ajiye wa kowace mota littafi, a rubuta abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi, su kuma yarda a cire ƙarfe in wa'adinsa ya cika tun bai ba da kunya a hanya ba. Ajali yana hannun Allah, wannan babu mai musu a kai, amma malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma wanda aka damƙa wa aiki za a tambaye shi yadda ya yi shi. Kayan awon nan kuɗinsu bai kai na inji guda da ya buga ba, koyonsu kuma bai fi ƙarfin yaron da ya iya ɗaura inji da ka ba.