FILIN KIMIYYA: Kowace Ƙafa Da Aikinta

A Hammadu Kafi, kamar unguwanni da yawa na garin Gombe, gidan da ya haƙa rijiyar burtsatse ya san tsadar ruwa da ta wuta. Bai kamata tanki ya cika yana zuba, injin famfo yana ta ci ba. Yaro mai basira yana iya maganin wannan da ɗan allon lantarki mai suna Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. Amma fa sai ya san aikin kowace ƙafa tasa.

Samfurin Uno, wanda ya fito a 2010, yana da ƙafafu 14, daga 0 zuwa 13, masu sanin kunnawa da kashewa. Akwai kuma shida, A0 zuwa A5, masu auna yawan wutar da ta shigo, watau nan ake haɗa abin auna ruwa.

Wasu ƙafafun an keɓe su don zance da sauran na'urori. Ƙafa ta 0 kunne ce, ta 1 baki ce, saboda haka bakin wannan na'ura ake haɗawa da kunnen waccan. Ta nan ne kuma kwamfuta ke loda wa allon umarni, don haka in an cushe su da wata waya, lodin yakan ƙi. A4 da A5 su ne hanyar I2C, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1982. Waya biyu ce tak, na'urori da yawa suna rataye a kanta, kowace da lambarta kamar gidaje a layi ɗaya. Ƙafa ta 10 zuwa ta 13 kuwa hanyar SPI ce, wadda ta fi sauri, ita ake ba katin ajiya.

To, ga inda asara take. Ƙafa ɗaya ba a so a ɗora mata fiye da miliyamfiya 20, abin da bai wuce na kunna ɗan ƙwai mai ƙyalli ba. Injin famfo kuwa wutar gida yake ci, sai an sa makunnin da ake kira rile a tsakani, allo ya ba da umarni, rile ya ɗauki nauyi. Har ila yau, Uno da bolt 5 yake aiki, amma ESP32 na kamfanin Espressif na ƙasar Sin bolt 3.3 yake so. Wanda ya haɗa su kai tsaye yana iya ƙone ƙafar ESP32, ga shi kaya ne na ƙasar waje, ba a samunsa da araha.

Saboda haka malaman koyar da sana'a su dage, kada almajiri ya soka waya sai ya zana taswirar ƙafafun a takarda, an duba masa. Matambayi dai ba ya ɓata.