FILIN SAMARI: Ƙwallon kwando, tsawo kaɗai ba shi kai yaro jami'a

A ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, wasan da kowa ya sani shi ne kokowa. Tun 1975, da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, ɗan ƙauye ya gane abu guda: ƙarfin da bai fito fili ba, ba shi kawo takobi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Haka zancen yake ga ƙwallon kwando, wanda ƴan lakwal ke ce ma basket. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar. Kwandon yana rataye a sama, mita 3 da santimita 5. Shi ya sa dogon yaro ke da riba.

A ƙasar Amurka, kowace babbar jami'a tana da ƴan wasanta. In ta ga saurayin da ya iya, sai ta ɗauke mashi kuɗin karatu da ci da makwanci, shi kuma ya yi mata wasa. Amma masu nemo ma jami'o'in nan ƴan wasa ba su bin gonaki da mashekari. Wurin gasa suke zuwa, inda samari suka taru.

Ga misali nan kusa. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. A ƙarshen shekarun 1970 an yi taron wasannin makarantun horon malamai na Najeriya a Sakkwato. Wani dogon yaro ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, ya zo cikin ƴan ƙwallon hannu. Sai aka sa shi cikin ƴan ƙwallon kwando na makarantarsu. Daga nan ido ya faɗa kanshi. A 1980 ya tafi jami'ar Houston ta Amurka. A 1984, shi aka fara ɗauka cikin sabbin ƴan wasan NBA, babbar gasar ƙasar. Ya ci kofinta a 1994 da 1995.

Masai Ujiri kuwa a Zariya ya tashi, can ya koyi wasan. Shi ma ta hanyar makaranta ya shiga Amurka. A 2003 ya kafa ƙungiyar Giants of Africa, mai tara samarin Afirka a horar da su a kuma gan su. A 2017 NBA ta buɗe makarantar ƙwallon kwando a ƙasar Senegal. Can ma, wasa da karatu tare suke tafiya.

To, a nan ne uwaye za su buɗe ido. Jami'a makaranta ce. Ba ta karɓar wanda bai ƙare lise ba, ko da kanshi na taɓa rufin ɗaki. Tana duba takardun sakamako, tana duba Ingilishi. Kuma NBA, samari wajen 60 kaɗai take zaɓe a shekara cikin duniya duka. Sauran, takardar karatu ce abin da ke rage masu. Gwiwa tana karyewa, ilimi ba shi karyewa.

Saboda haka, mai dogon ɗa ko doguwar ɗiya ya riƙe abu huɗu:

1. Takardar haihuwa ta gaskiya. Wanda bai da ita ya nemi magajin gari ko alƙali. Rage shekaru ƙarya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

2. Lakwal. Kada a fidda yaro daga aji don ƙwallo. Ya samu birbe, ya samu bak.

3. Gasa. In makaranta za ta kai yara wasa Tawa ko Yamai, a bar su su tafi tare da malaminsu. Daga aji zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, haka ake hawa.

4. Hattara da dillalai. Duk wanda ya zo ya ce a saida sa ko buhun albasa ya kai yaro Amurka, a tambaye shi takarda. A kai zancen wurin shugaban makaranta da ma'aikatar samari da wasanni kafin a fidda ko dala. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma aikin da ya rataya ga gari. Filin wasan, tsawonshi mita 28, faɗinshi mita 15. Siminti kuwa ga shi nan Malbaza. In ƙungiyar uwayen yara da samarin gari suka yi gayya, makaranta ta samu fili. Yaron da ya samu fili da aji, ko bai ga Amurka ba, ya samu lafiyar jiki da takarda a hannu. Jami'ar Tawa ma tana jiran shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.