A gaya mata gaskiya kafin a tsira mata allura

Jama'a, ba mu ƙi tazarar haihuwa ba, tana ceton rayukan mata. Abin da muka ƙi shi ne, daga Gwange har Bulumkutu, mace ta shiga kemis a miƙa mata ƙwaya ba a auna jininta ba, alhali ƙwaya mai sinadarin istirojin haɗari ce ga mai hawan jini. Allurar Depo-Provera ta wata 3 kan rikita al'ada, ta jinkirta samun ciki bayan an daina. Ashanar hannu kan jawo ɗigon jini, har mace ta rikice kan sallarta da azuminta. Wa ya gaya mata? Ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah: ku auna, ku yi bayani, ranar da ta ce a cire, ku cire.