Ciwon Ɓarin Kai: Raunin Yaƙin Da Hoton Asibiti Ba Ya Nunawa

Idan ka ji an ce tsohon sojan Amurka na karɓar sama da dala 1,000 duk wata saboda ciwon kai, na san abin da za ka ce: "Ciwon kai kawai? Ya sha Panadol mana!" To, dakata tukuna.

Ciwon ɓarin kai yana zuwa ne da amai, haske da ƙara su zame wa mutum azaba, ya kulle kansa a ɗaki mai duhu daga awa 4 har zuwa 72. Sojoji da yawa sun kwaso shi a Iraƙi da Afganistan, inda girgizar bama-baman da ake binnewa a hanya ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wato VA, tana auna ciwon da yawan kwantar da mutum da yake yi. Sau ɗaya a wata biyu, kashi 10 cikin 100. Sau ɗaya duk wata, kashi 30. Idan yana yawan kayar da shi warwas har ya dagula masa neman abinci, kashi 50. A 2024, marar iyali mai kashi 10 na samun kusan dala 171 a wata, mai kashi 30 dala 524, mai kashi 50 dala 1,075, babu haraji.

Ga inda gizo ke saƙar: kashi 50 ne ƙarshe, ko da ciwon ya kwantar da mutum rabin wata. Mai neman cikakken biya sai ya bi ta wata ƙofar, ya tabbatar ya kasa riƙe aiki. Kuma hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna ciwon, shi ya sa hujjarsa ita ce takardun likita, shaidar abokan aiki da littafin da yake rubuta ranakun da ya kwanta. Wanda ya daure ya yi shiru don kada a ce masa rago, shi ne ke tashi a tutar babu.

A 2004 kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji ta yanke cewa ba sai mutum ya rasa aikinsa zai cancanci kashi 50 ba.

Irin bama-baman nan na tashi da sojojinmu a Borno ma. Idan yayanka ya dawo daga fagen daga yana yawan riƙe kai, ka matsa masa ya ga likita, kuma ya rinƙa rubuta ranakun.