Ajin haziƙai a jami'a: wa zai riƙe ƙofar?

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidaje biyu ke shiga lissafi. Ɗan kasuwa mai hali ya ƙirga abin da zai kashe ya tura ɗansa waje. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya dubi albashinsa, ya zauna jiran bursu. Tsakanin su biyu akwai yaron da Allah ya ba kai amma bai ba ubansa dukiya ba. Shi ne damuwarmu a wannan mako.

Amurkawa sun yi wa irin wannan yaro tanadi tun fiye da shekara ɗari. A 1921 aka naɗa Frank Aydelotte shugaban kwalejin Swarthmore, kusa da birnin Filadelfiya. Mutum ne da ya yi karatu a Okusfod ta Ingila, ya ga yadda malami ke zama da ɗalibi ɗaya ko biyu suna tattauna abin da ɗalibin ya rubuta. A ganinsa, in aka ɗora wa kowa tafiya iri ɗaya, mai sauri ne ke cutuwa. Saboda haka a 1922 ya buɗe ajin haziƙai. Ɗalibi ya yi shekara biyu tare da kowa, sannan in ya ga zai iya, ya nemi shiga. Wanda aka karɓa ba hutu ya samu ba: karatu ya ƙaru, rubutu ya ƙaru, kuma cikin ɗan ƙaramin zama na mutane kaɗan babu bayan da zai laɓe. Yau jami'o'i da dama na Amurka, har da na gwamnatin jihohi, suna da irin wannan aji, kuma galibi da kundin bincike ake rufe shi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ƙarshen karatun. A Swarthmore ba malamin da ya koyar da ɗalibi ke yanke masa hukunci ba. Daga wasu jami'o'i ake gayyato masana, su tsara tambayoyin rubutawa, su zauna da ɗalibi baki da baki, su ba shi darajar da ya cancanta. Har yanzu haka ake yi. Da wannan dabara malami ya zama abokin shirin ɗalibinsa, sanayya kuma ta rasa ƙofar shiga.

Mu da muka yi lakkol ta Faransanci mun san wata hanyar: shekara biyu na share fage bayan bak, sannan gasar shiga manyan makarantu. Ta fid da gwanaye, ba shakka. Sai dai Faransawa da kansu sun lura ƴaƴan masu ilimi da masu hali ne suka fi cika kujerun, har makarantar Sciences Po ta buɗe wata ƙofa ta daban a 2001 domin ɗaliban unguwannin talakawa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Za a ce mana: ina zancen ware ƴan kaɗan alhali zaurukan karatu sun cika maƙil, bursu yana makara, shekara tana hawa kan shekara? Maganar tana da nauyi. Amma ware ƴan kaɗan ai ana yin sa tun tuni, kuɗin uba ne kawai alƙalin. Abin da muke nema shi ne a sake alƙali.

Tun 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa ke da jami'o'insu, ban da ta Yamai. Ke nan masu jarrabawa daga waje ba sai an ƙetare teku ba: malamin Tawa ya jarraba ɗalibin Damagaram, na Yamai ya zo Maraɗi. Sharuɗɗanmu uku ne. Na farko, kada a zaɓa da makin bak kaɗai. A bari sai bayan shekara ɗaya ko biyu a jami'a, domin ɗan ƙauye ya samu sukunin kamo wanda ya fito makarantar kuɗi. Na biyu, a kafa ƙa'idar shiga da sunayen waɗanda suka ci a bainar jama'a. Na uku, kada a yanki ko dala daga kason sauran ɗalibai. Nan attajiranmu ke da rawar takawa: wanda ya iya ɗaukar nauyin ɗansa a waje, ya iya sayen littattafan aji guda a gida.

Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi zurfin karatu a Faransa, ya komo ya duƙufa kan binciken makamashin hasken rana. Irinsa nawa ne ke zaune yau a layin baya, malami bai ma san sunansu ba? A buɗe musu ƙofa, amma a ba baƙo makullin.