Ɗarin hunturu: taimakon gomnati bai kai ɗakin talaka ba

In hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana busowa kan Damargu, ba dutse ba kurmin da zai tare ta. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Tarka, cikin bukkar kara ko ɗakin da zana ce ƙyaurensa, ya san abin da muke nufi.

Dabarar iyalanmu ɗaya ce: a shigo da kaskon wuta, a toshe ƙofa. To, garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, wadda kan kashe mutum cikin barci. Hayaƙi kuwa yana jawo wa yara ciwon haƙarƙari. A rangadin da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci, lokacin ne mata suke raguwa: wannan ɗanta na tari, waccan wuta ta ƙone nata. (Uwa ta lura: jariri mai wata 2 zuwa 11, in numfashinsa ya kai 50 cikin minti ɗaya, a kai shi likita ran nan.) Gona ma tana biyan nata kashi, domin in itace ya yi wuya, kara da kashin shanu ake ƙonewa, iska kuma ta kwashe ƙasar da aka bari tsirara.

Ba mu ce gomnati ba ta yi komi ba. A 2011 aka buɗe matatar man SORAZ, cikin gundumar Tanut, nan Damargu. Bayan haka aka tsaida kuɗin cika tukunyar gaz mai kilo 6 a kan dala 360. Madalla. Amma wa ya ci moriyar? Mazaunin birni, mai halin sayen tukunyar farko, wanda wurin cikawa yake bakin layinsu. Manomin Tarka sai ya haɗa da kuɗin mota. Gaz ɗin ma tuwo yake dafawa, ba ya hana iska shiga ta tsagin zana.

A Faransa, tun 2018 hukuma tana aika wa masu ƙaramin ƙarfi takardar biyan kuɗin makamashi, tana kuma ɗaukar wani kashi na gyaran bango da rufi domin ɗumi ya zauna. Ba mu da aljihun Faransa, amma muna da laka. Tun 1980 aka soma ginin da ba itace a Cikal, ƙasar Filinge: tubali zalla, har rufin da ake lanƙwasawa. Bango mai kauri yana shan zafin rana, ya sako shi da dare. Da bazara kuma ɗakin ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba.

A ganinmu, nan ya kamata taimako ya faɗa. Hukumomin Balbeji da Tanut su sa a koya wa magina biyu ko uku a kowane babban ƙauye wannan gini da rani, lokacin da samari suke shirin tafiya cin rani. A rage kuɗin ƙyauren ƙarfe ga gidajen da ke da masu goyo da tsofaffi. A buɗe wurin sayar da gaz a manyan kasuwanni, a ba ƙungiyoyin mata tukunyar farko bashi, su biya bayan kaka.

Kafin nan, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar ƴar kafar iska a sama, a sa wa yara hula da safa.