Digirin Kwatano Da Wanda Bai Gama Sakandare Ba

'Yan'uwa matasa, akwai wata fitina da ta shigo mana wadda ya wajaba mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Dillalai ne ke bin samarin da WAEC ko NECO ta kayar, suna ce masu su kawo kuɗi kawai, za a samo masu jami'a a ƙasar waje ba sai da kiredit biyar ba. Sai ka ga uba ya sayar da gona, yaro ya nufi Kwatano.

To, mu tuna abin da ya faru. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Abin takaici, har waɗanda suka yi karatun gaske guguwar ta kwashe.

Kuma ko ka dawo da kwalin, hukumar NYSC za ta nemi takardar sakandaren nan da ka guje wa, da Turanci da Lissafi a ciki. Jami'ar Madina ma, da da yawanmu ke buri, ba ta karɓar ɗalibi sai da shahadar sanawiyya.

Wanda ya faɗi, ya sake zama. Akwai jarrabawar 'yan waje ta WAEC da NECO, ga kuma ta NBAIS ga 'yan Islamiyya. Kuɗin rajistarsu bai kai ko kusa da abin da dillali zai karɓa a hannunka ba.